Zaɓen firam ɗin tabarau daidai da fuska: abin da masu sana'ar suka ce a Katsina

Da aka zauna da masu gwajin ido da masu haɗa tabarau a Katsina, bakinsu ya zo ɗaya: ya kamata firam ya saɓa wa siffar fuska. Mai zagayayyar fuska ya nemi mai kusurwa huɗu, mai faɗin muƙamuƙi ya ɗauki zagayayye. Doguwar fuska tana son firam mai zurfi daga sama zuwa ƙasa. Mai faɗin goshi da siririn haɓa ya guji mai kauri a sama.

Sai dai sun fi daɗewa a kan awo. A cikin hannun firam akwai lambobi kamar 52-18-140: faɗin gilashi, faɗin gadar hanci, da tsawon hannu, duk a milimita. In gadar ta yi faɗi, tabarau zai riƙa zamewa, balle da gumin bazara. Wanda karan hancinsa bai da tudu, firam mai 'yan matasan hanci ya fi masa, don ana iya matse su. A yi murmushi gaban madubi. In kumatu suka ɗaga firam, ya yi zurfi.

Ƙwayar ido ta zauna kusa da tsakiyar gilashi. Wanda ba ya ganin nesa kuma lambar gilashin da gwajin ido ya ba shi ta yi ƙarfi ya zaɓi ƙaramin firam, domin babba yana sa gefen gilashi ya yi kauri da nauyi. Mata kuwa su gwada da hijabi ko ɗankwali a ka, tunda shi ke danne hannun a bayan kunne.