Darasin wariya da gata: ta yaya zan kawo shi kusa da ɗalibai?

Malamar Adabi, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata kwaleji a nan Sakkwato. Makon jiya na nuna wa ɗalibaina hoton Hector Pieterson, yaron da 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe a Soweto ranar 16 ga Yuni, 1976, lokacin da ɗalibai suka fito suna ƙin a tilasta musu karatu da harshen Afirkans, yaren Turawan da ke mulkin wariyar launin fata a ƙasar a lokacin. Aji ya yi tsit, wasu har da ƙwalla. Amma da na tambaye su ko mu ma muna fifita mutum saboda launinsa ko asalinsa, sai wani ya ce wannan ai halin Turawa ne. Ina neman shawararku, malamaina.

Tsohon Malami, Mabera:
Wa alaikumus salam, Malama. Kin fara daga nesa, shi ya sa suka tausaya ba tare da abin ya taɓa su ba. Ki koma ga tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora, wadda kowannensu ya ji daga bakin kakarsa. Ki sa su sake rubuta ta da bakin 'yar mowa, yarinyar da ba ta taɓa zuwa rafi wankin ƙwarya ba, kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba, domin a wurinta haka duniya take. Wanda ya rubuta wannan da gaskiya ya fahimci gata, kuma daga nan za ki iya tambayarsu abin da ya sa har yau ake fasa aure don an gano kakan saurayi bawa ne ko mahauci, da abin da ya sa kasuwar man bilicin ba ta mutuwa.

Ɗalibar Tarihi, Arkilla:
Baba ya yi gaskiya, sai dai ina roƙon Malama kada ta sa kowa ya ba da labarin gidansu a gaban aji. An taɓa yi mana haka, wata ƙawata ta faɗi sana'ar mahaifinta, aka laƙaba mata suna har muka kammala. Wasan kwaikwayo ya fi rufa asiri, a raba matsayi ta hanyar ƙuri'a.

Malamar Adabi, Runjin Sambo:
Na gode ƙwarai. Zan fara da tatsuniyar ranar Litinin, kuma rubutun zai zo mini ba tare da suna ba. Hoton Soweto zan dawo da shi daga baya.