"Abin da mutum ya shuka shi zai girba": wa ake faɗa wa, kuma yaushe?

'Yar Kagoro:
Jama'a barkanmu da yamma. Wani maƙwabcinmu shagonsa na kayan masarufi ya ƙone, mun je jaje muna zaune kan tabarma har yanzu ana jin ƙaurin hayaƙi a jikin rigarsa, sai wata mata ta raɗa min a kunne wai ai abin da mutum ya shuka shi zai girba, don mutumin yana tauye mudu. Da ta ga na ɓata rai sai tace toh ba ita ta faɗa ba, yana cikin Littafi Mai Tsarki. Da gaske yana ciki? In ma yana ciki, haka ake amfani da shi?

Ɗan Tela:
Yaya ai ko babu a Littafi gaskiya ce, Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi, sun kuma ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Matar kawai bata iya zaɓar wuri bane amma maganarta na kan hanya.

Baba Mai Bishara:
Yana ciki 'yata, Galatiyawa sura 6 aya 7. Wasiƙa ce manzo Bulus ya rubuta wa ikilisiyoyin Galatiya, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, kusan shekara 20 ko sama da haka bayan gicciyen Yesu, tana cikin rubuce-rubucen Kirista mafi daɗewa da muke da su. Amma ki buɗe ki karanta surar daga farko kada ki tsinci aya ɗaya. Aya ta 1 cewa ta yi in an kama ɗan'uwa da laifi a maido shi da tawali'u, mai maidowar kuma ya kula da kansa kada shi ma ya faɗi. Ta 2 ku ɗauki nauyin juna. Ta 4 kowa ya auna aikin kansa. Sai ta 7 ta zo, bayanta kuma ta 9 ta ce kada mu gaji da yin nagarta don girbi na zuwa a lokacinsa. Kin ga mutumin da har yanzu iri ke hannunsa ake yi wa magana, ana ce masa kula da abin da kake zubawa. Ba a ba kowa ayar don ya je ya tsaya kan wanda ya riga ya faɗi yana karanta masa ba.

Ɗan Tela:
Baba ranku ya daɗe, to amma in mai tauye mudu ya gamu da asara ba girbin bane ya zo? Ko sai an mutu tukuna?

Baba Mai Bishara:
Wa ya gaya maka wutar daga mudun ta fito? Wannan tambayar an yi wa Yesu ita ƙarara. A Yahaya sura 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ba iyayensa ba. A Luka 13 shi da kansa ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa ta kashe, ya tambayi jama'a ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya ce sam, ku dai ku tuba. Sau biyu ana miƙa masa lissafin nan yana ƙin karɓa.

Malama Mai Alli:
Ni abinda ke bani mamaki ma shine wace wasiƙa ce maganar ta fito a ciki. Galatiyawa fa gaba ɗayanta faɗa ne Bulus yake yi da masu cewa sai al'ummai waɗanda ba Yahudawa ba sun yi kaciya sun kiyaye shari'ar Musa kafin Allah ya karɓe su, yana ta nanata cewa ta bangaskiya ne ba ta ayyukan shari'a ba, har ya kira Galatiyawan da kansu marasa azanci don haushi, kuma a sura ta farko da bakinsa ya ce ya tsananta wa ikilisiya yana neman hallaka ta. Mutumin da ya shuka wannan in da girbin nasa aka bashi daidai wa daida ai da bamu ji sunansa ba. Ga kuma ɗan fashin nan da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23, shi ne ma ya ce mu kam sakamakon aikinmu muke karɓa, wato ya yarda da karin maganar ɗari bisa ɗari, amsar da ya samu kuwa ita ce yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. To ina girbin ya tafi?

Ɗan Tela:
Malama kenan kowa ya yi abinda ya ga dama tunda akwai alheri?

Malama Mai Alli:
A'a ƙanena, wannan tambayar ma Bulus ya riga ka yinta a Romawa 6, ya ce mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru? ya amsa da kansa ko kusa. Duka biyun suna nan a rubuce ne kuma marubutan basu ji kunyar ajiye su gefe da gefe ba. Yaƙubu ya zo ya ce bangaskiya in babu ayyuka matacciya ce, misalin da ya bayar kuwa shine ɗan'uwa ba riga ba abinci ka ce masa sauka lafiya ka ji ɗumi ka ƙoshi ba ka bashi komai ba. Martin Luther, malamin nan Bajamushe da ya jagoranci gyaran ikilisiya, har ya taɓa rage darajar wasiƙar Yaƙubu a 1522 don yana ganin bata jitu da Bulus ba, amma tana nan daram cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari.

Abu Zainab:
Ni musulmi ne amma ina bin zancen da sha'awa. Mu ma a Suratul Zalzala an ce wanda ya aikata alheri gwargwadon ƙwayar zarra zai gan shi, sharri ma haka, sai dai ranar sakamako ake nufi, kuma jarrabawa tana samun mutumin kirki ma, Annabi Ayuba shaida ne. Faɗin wannan magana a wurin jaje ko a al'adarmu ta Hausa rashin kara ne.

Baba Mai Bishara:
Malam ka taɓo wurin. A littafin Ayuba wanda ya fara jefa masa maganar shuka da girbi abokinsa Elifaz ne, a sura 4, a ƙarshen littafin kuma Allah ya ce ya yi fushi da Elifaz ɗin da abokansa biyu.

Manomin Biliri:
Ku da kuke birni kuna ta maganar shuka. Na sha zuba masara mai kyau na sa taki ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina ban samu ko kuɗin takin ba, na kusa dani da ko noma na biyu bai yi ba amma gonarsa na fadama ya cika buhuna. Abinda na sani kawai shine wanda ya shuka dawa ba zai yanki shinkafa ba, iri baya canja kama, amma yawan abinda za ka samu da ranar da za ka samu ba a hannunka yake ba. Yesu ma a Matiyu 20 ya bada labarin 'yan ƙodago a gonar inabi, waɗanda aka ɗauka da asuba da waɗanda aka ɗauka ƙarfe 5 na yamma duk dinari ɗaya aka biya su, na farkon suka yi gunaguni, wlh da nine nima sai na yi.

'Yar Kagoro:
Toh ni akwai wani wurin da nake jin maganar nan kullum, lokacin baiko a coci. Shuka iri ka girbi ninki, shuka dubu biyar ka ga mota. Shi ma daga ayar ne?

Malama Mai Alli:
Wannan daga 2 Korantiyawa 9 suke ɗauko shi, mai shuka kaɗan kaɗan zai girba. Amma kuɗin da Bulus ke tarawa a wurin gudummawa ce za a kai wa matalautan ikilisiyar Urushalima, ya ma ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa ba da tilas ba, a sura 8 kuma ya ce manufar a samu daidaito ne tsakanin mai shi da marar shi. Babu mota a ciki, na duba.

Ɗan Tela:
Na ji duka kuma na yarda a wurin jaje bakina alaikum. Amma Baba ku yi haƙuri, ɗan siyasar da ya cinye kuɗin rijiyar ƙauyenmu ranar da ya faɗi zaɓe sai na faɗa masa ita, in ya so Elifaz ya matsa min in zauna kusa da shi.

Manomin Biliri:
In za ka je ka kira ni, muna da irinsa biyu a nan.