Dish ɗina ya daina kamawa tun da aka yi iska, ƙarfin sigina akwai amma kwaliti sifili

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Shekaranjiya aka yi wata iska mai ƙarfi da daddare, da safe na kunna talabijin babu tasha ko ɗaya. Na hau na duba dish ɗin da ido ban ga ya karkace ba, na sassauta noti na yi ta juya shi dama da hagu kusan awa biyu yarona na ƙasa yana kallon allo yana faɗa min, ƙarfin sigina na nuna 78 wani lokaci har 82 amma kwaliti ko motsi baya yi. A kan tauraron ɗan adam na Nilesat yake da. LNB (na'urar nan da ke gaban dish mai karɓar sigina) ne ya ƙone ko risiba ce? Bana so in sayi abu sabo alhali ba shi ne matsalar ba.

Tsohon Mai Saiti:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, kar ka sayi komai tukuna. Wannan 78 ɗin da kake gani shi yake ruɗar mutane da yawa, abin da yake gaya maka kawai shi ne wuta na isa LNB kuma wayar na aiki, ko bango ka juya dish ɗin ya kalla zai iya nuna maka lamba. Kwaliti shi ne magana. Kuma tunda ƙarfin na nan, da wuya a ce LNB ne ya mutu.

Ka tuna tauraron nan yana can sama kusan kilomita 36,000, ɗan motsin da idonka ba zai gani ba ya isa ya ɓatar da shi gaba ɗaya. Ina zargin saurin juyawa kake yi, kana wuce shi baka sani ba, domin risiba sai ta ɗauki daƙiƙa biyu uku kafin ta nuna abin da ta samu. Ka matsa kamar faɗin farce, ka tsaya ka ƙirga biyar, ka sake matsawa. In ka share dama zuwa hagu babu komai, ka ɗaga shi sama kaɗan ka sake sharewa. Abu ɗaya za ka riƙa taɓawa a lokaci guda, in ka haɗa sama da gefe tare sai ka kwana a kan rufi.

Kafin duk wannan ma duba ƙarfen da dish ke kai. In iska ta kwantar da shi ko kaɗan ne, lambar digirin da ke jikin maƙalin bayan dish ɗin ta tashi aiki, sai ka miƙe ƙarfen tukuna.

Mai Lura:
Ƙari a kan maganar Oga, ka tabbata firikwensin da ka tsaya a kai a menu mai aiki ne yanzu, wani sai ya yini yana neman wanda aka rufe tuntuni. Sannan Nilesat na digiri 7 yamma kuma akwai wasu taurarin kusa da shi, in ƙarfi ya tashi kwaliti bai biyo ba wataƙila maƙwabcinsa ka kama. Kuma dan Allah ka kashe risiba daga soket kafin ka kwance ko ɗaura waya.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri Oga, wallahi gaskiyarka ne ƙarfen ne ya ɗan kwanta baya, ƙusa ɗaya ta saki daga bango. Na gyara na bi a hankali yanda kace, kwaliti ya zo 55. Amma wata sabuwa kuma, kusan rabin tashoshin sun dawo rabi babu, kuma da na ɗaure noti sai ya sauka 40.

Tsohon Mai Saiti:
Madalla, ai ka gama mai wuyar. Saukar nan ɗaurin ne, in ka matse noti ɗaya har ƙarshe yana jan dish ɗin gefe. Ka riƙa matsewa kaɗan kaɗan, wannan sannan wancan, idonka na kan allo.

Batun rabin tashoshi kuwa, duba ka ga waɗanda suka ɓata masu H ne ko masu V, wato harafin da ke tare da firikwensin kowace tasha a menu. Risiba na tura wa LNB wuta bolt 13 don V, bolt 18 don H, to in kan wayar ya sha ruwa ya yi tsatsa ko wayar ta yi tsawo da yawa sai wutar ta ragu a hanya, masu H su ɓace. Yanke kan ka sa sabo, ka kula kada silin gashin nan na gefe ya taɓa ƙarfen tsakiya. In ba haka ba ne shiga saitin LNB ka ga yana kan 9750 da 10600 kuma 22K (siginar da ke sauya LNB tsakanin lambobin nan biyu) na kan oto, don in a kashe yake duk tashoshin da firikwensinsu ke sama da 11700 ba za su fito ba. Daga ƙarshe sassauta abin da ya riƙe LNB ka ɗan murɗa shi a wurinsa, hagu ko dama, ka tsaya inda kwaliti ya fi hawa. Mutane na raina murɗin nan alhali shi ke riƙe maka hoto ranar da hadari ya haɗu.

Sabon Shiga:
Kan wayar ne Oga, da na kwance har ruwa ya ɗigo, cikinsa ya yi kore. Na sa sabo na naɗe da tef, na murɗa LNB kaɗan, yanzu kwaliti 71 kuma duk tashoshin sun dawo. Gobe in sha Allah zan ƙara ƙusa a bangon kafin wata iskar. Na gode ƙwarai.