Don Allah ta yaya zan karɓo kuɗin da banki ya cire min?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗan tireda ne a Talata Mafara, tun bayan damina kasuwa ta tsaya, har kuɗin makarantar yara ya gagare ni. Na karɓo takardar bayanin asusuna, sai na ga kuɗin saƙon alat da na kula da katin ATM sun cinye ɗan abin da ya rage, wani ma sau biyu aka cire shi a wata ɗaya. Wannan ne ya fi ci min rai.

Na kai ƙorafi reshensu na Gusau, yau mako uku shiru. Na san idan banki bai warware ƙorafi ba ana iya kai ƙara Babban Bankin Najeriya, to wace takarda zan haɗa? Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya taimaka min.