Albam ɗaya ya yi, kowa na yabo: in ajiye aikina in bi shi?

Baban_Ilham: Salam 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a amsa. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 23, wata takwas kenan da ya saki albam ɗinsa na farko, waƙa 11. Abin ya karɓu fiye da yadda muka zata, masu sharhi sun yaba, gidajen rediyo na sakawa ba mu roƙi kowa ba, har kambun sabon mawaƙi ya samu a wani bikin karramawa. Yanzu wani kamfanin waƙa ya kawo takardar yarjejeniya, albam uku, da kafin alƙalami mai kauri, shi kuma ya kafe sai dai in ajiye aikina in zama manajansa wai bai yarda da kowa ba sai ni. Ni kuwa shekarata tara ina aikin albashi, ga mata ga yara biyu. Ba tambaya nake ko ya iya waƙa ba, wannan na sani, tun yana firamare yake hana mu barci. Wanda ya taɓa zama kusa da harkar nake so ya faɗa min, ta yaya ake gane wanda zai daɗe da wanda nan da shekara biyu za a ce wai ina wane? Sati uku suka ba mu.

Hajjaju77: Ɗana ka ce masa ya koma makaranta ya gama tukuna, waƙa ba ta guduwa.

Baban_Ilham: Hajiya ai ya gama, da digirinsa a hannu. Ni ne ake so in bar aiki.

Na_Gaba: turo waƙar mu ji in ya iya, wani lokacin 'yan uwa ne kawai ke zuga mutum

Malam_Sharhi: Kambun nan kada ya ruɗe ka, kada kuma ya tsorata ka, don ba ya nuna komai. Dubi na Grammy ma da ya fi kowanne suna. A 1990 aka ba Milli Vanilli kambun sabon mawaƙi, kafin shekarar ta ƙare aka ƙwace saboda an gano ba muryarsu ba ce a faifan. Lauryn Hill ta saki albam a 1998, ta kwashe Grammy biyar a dare ɗaya a 1999, har yau ba ta sake shiga situdiyo ta fito da albam na biyu nata ita kaɗai ba. Amma Adele ta ci wannan kambun a 2009, albam ɗinta na biyu na 2011 ya ninka na farko nesa ba kusa ba. A 2008 kuma Amy Winehouse ce ta kayar da Taylor Swift a wannan rukunin, Amy ta rasu 2011 tana da shekara 27, wadda aka kayar ɗin kuwa kowa ya san inda take. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ni abin da zan tambaye ka shi ne waƙa nawa yake da su a ajiye yanzu waɗanda bai saki ba? Albam na farko tun yana yaro yake tara shi ba mai matsa masa, na biyu kuwa wata shida za a ba shi yana rubutu a cikin mota tsakanin wasa da wasa.

Sarkin_Zolaya: Malam kai da ka san wannan duka me ya hana ka sakin naka albam ɗin, ko muryar ce ba ta yarda ba 😂

Tsohon_Tauraro: Da na wuce in yi shiru amma na ga kalmar albam uku sai gabana ya faɗi, don ni ma haka aka faɗa min. Ni an yi yayina, ba zan faɗi suna ba amma wasunku sun yi rawa da waƙata, shekara ɗaya da rabi ba na iya tafiya a ƙasa sai an tsayar da ni hoto. Na sa hannu a takarda shafi 31 ban karanta ko biyar ba, saboda ranar mai kamfanin da kansa ya buɗe min ƙofar mota yana ce min ƙanena, ga alat ya shigo waya tun kafin in ajiye biro. Na ɗauka kyauta ce. Ashe bashi ne, kuma ba shi kaɗai ba, kuɗin situdiyo bashi, bidiyo biyu da suka matsa sai an yi da tsada bashi, kayan da na sa a bidiyon bashi, har otal ɗin da muka kwana. Kuma ba daga duk abin da waƙa ta kawo ake cire bashin ba, daga kasona ne kawai, kashi 15. Ku lissafa, in sun kashe maka 100 sai waƙa ta kawo kusan 670 kafin ka fara ganin ko sisi, alhali su tuni sun mayar da nasu har sun ci riba.

Albam uku ɗin ma ba alkawari suka yi min ba, zaɓi ne nasu, in sun ga dama su ce a yi na biyu in ba su ga dama ba su ajiye ka, kai kuma ba ka da ikon zuwa wani wuri. Na kai musu waƙa 14 na albam na biyu, waƙoƙin da ni na san sun fi na farko, suka ce babu mai kama da waccan da ta yi tashe, in je in yi irinta. Na yi irinta suka ce ta yi kama da ita da yawa. Shekara biyu ina zirga-zirga, akwai wata farar kujerar roba a barandar ofishinsu da ƙafarta ɗaya ta tsage an ɗaure da waya, wallahi na fi masu aikin wurin sanin kujerar nan, sakatariya tun tana ce min yallaɓai har ta koma ce min bawan Allah oga ba ya nan. Kafin in samu su sake ni an yi sabbin yara uku. Shafina da mabiyana duka da sunan kamfani aka buɗe, ko lambar sirri ba ni da ita. Ranar da ta fi ƙona min rai ina cikin motar haya aka sako waƙata, na kusa da ni ya ce kai yaron nan ya iya waƙa ko ina ya shiga, wani ya ce ai shaye-shaye ya lalata shi. Ni da ko sigari ban taɓa sha ba. Na yi shiru har na sauka. Kambun da aka ba ni yana nan, da shi nake tokare ƙofa in ana iska.

Hajjaju77: Innalillahi. Allah ya saka maka ɗana.

Na_Gaba: kai wace waƙa ce don Allah, ko harafin farko ka ba mu

Tsohon_Tauraro: A bar kaza cikin gashinta.

Yar_Lauya: Abin da ya same shi ba sabo ba ne, 'yan matan TLC a Amurka sun bayyana karayar arziki a kotu a 1995 lokacin da albam ɗinsu ke sayuwa miliyoyi. Baban Ilham abu huɗu za ka nema a takardar: wa zai mallaki asalin faifan (wato ainihin sautin waƙoƙin da aka ɗauka a situdiyo) kuma har tsawon yaushe, albam ukun dole ne a kansu ko zaɓi, shin suna da kaso a kuɗin wasa da talla ko na sauraro kaɗai, sannan in sun ƙi sakin albam cikin wani wa'adi yana da ikon tafiya da kayansa ko babu. Taylor Swift da duk ƙarfinta a 2019 aka sayar da asalin albam shida nata na farko tana kallo, sai da ta koma tana sake rera su, sai 2025 ta saye su. Kuma kada lauyan kamfanin ya zama shi ne lauyanku.

Oga_Manaja: Da girmamawa, 'yar uwa kin taɓa zama a teburin ciniki ko a littafi kika karanta? Shekara 12 ina riƙe mawaƙa. Yaron da ke da albam ɗaya ya je yana cewa sai an bar masa mallakar faifai dariya za su yi su kira na bayansa. Kuma labarin Tsohon Tauraro ɓangare ɗaya muka ji, ni na riƙe yaron da ya yi tashe ya fara zuwa wasa awa uku a makare, ya daina ɗaga waya, yau shi ma cewa yake kamfani ne ya kashe shi.

Tsohon_Tauraro: Dama irinku ne. Nawa manajan kashi 30 yake cira kafin a cire kuɗin mota da na makaɗa, ranar da abu ya lalace shi ya fara canja lamba.

Oga_Manaja: 30 zalunci ne, ba a wuce 20, ni 15 nake karɓa.

Dan_Gata: wane 15, ni yayana ne ke riƙe ni kashi 10 yake ɗauka kuma wani watan ma ba ya ɗauka

Oga_Manaja: To shi ya sa ba mu san ka ba.

Yar_Lauya: Ban taɓa riƙe mawaƙi ba gaskiya ne, amma na karanta takardun waɗanda irinku suka riƙe, bayan sun zo suna kuka. Kuma ka lura kai ne kaɗai a nan da ke cin abinci in yaro ya sa hannu.

Sarkin_Zolaya: Baban Ilham ka kawo shi ni zan riƙe shi kashi 5 kacal, sharaɗi ɗaya ya sa sunana a amshi

Maman_Biyu: Ku kun bar mutum da tambayarsa. Ni mijina ya bar aiki ya bi abokinsa mawaƙi, don haka ta ɓangaren matar gida zan yi magana. Shekarar farko kuɗi na shigowa kamar ba za su ƙare ba, wata uku kuma ko ƙwandala babu, kuma kaso 15 na babu ai babu ne. Yabo a intanet ba shi ne ma'auni ba, mu abin da ya buɗe mana ido shi ne ranar da suka kama zaure mai cin mutum 800 suka sa tikiti, mutum 140 suka zo, alhali bidiyonsa ya haura kallo miliyan. Ka gwada wannan kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, wasa biyu ko uku a garuruwan da ba ku da dangi, a sa kuɗin shiga, ka tsaya a ƙofa da kanka ka ƙirga. In za ka iya ɗaukar hutu ba albashi ka ɗauka. Sannan ka tambayi Maman Ilham, na ga ba ka ambaci ra'ayinta ba.

Dan_Gata: amma sauraro miliyan ɗaya ai kusan dala 4000 ne a manhajar sauraron waƙa ta Spotify, ba ƙaramin kuɗi ba ne

Mai_Kiɗa: Wannan lissafin in masu sauraron suna ƙasashen da ake biyan kuɗin wata mai tsada ne kamar Amurka da Ingila. Mu waƙar da na yi wa kiɗa ta haura miliyan, abin da ya shigo bai kai dala 1000 ba, kuma a cikinsa ni ko sisi ban gani ba. Wannan ma ita ce maganar da ba a so a yi. Kowa na tambaya ko mawaƙi zai daɗe, ba mai tambayar wa ya yi masa albam ɗin farkon. Sau nawa yaro zai zo da baiti biyu da amshi a waya, kai ka zauna kwana huɗu ka gina waƙa, ka gyara masa murya layi-layi, in ta fashe kamfani ya ce yanzu ya girma sai a kai shi wurin babban furodusa. Albam na biyu ya fito ba gishiri a ce wai basirarsa ta ƙare. Basirar tana nan a ɗakin da kuka baro ta.

Malam_Sharhi: Wannan gaskiya ne, ita Lauryn Hill ɗin ma makaɗan da suka yi aiki a albam ɗin sun kai ta kotu kan ba a sa sunansu yadda ya dace ba, sai 2001 aka sasanta a wajen kotu.

Tsohon_Tauraro: Mai Kiɗa ku ma ba waliyyai ba ne, nawa ya sayar wa wani kiɗan da na riga na biya, na ji shi a rediyo da muryar wani.

Mai_Kiɗa: Ka biya duka ko rabi ka bayar ka ce sauran sai waƙa ta fita?

Baban_Ilham: Na gode ƙwarai jama'a. Malam na tambaye shi jiya da dare, sababbin waƙoƙi biyu gare shi da rabi, ya ce sauran suna kansa. Yar Lauya na duba, a shafi na 9 an rubuta kamfani "na iya" neman albam na biyu da na uku, kenan irin na Tsohon Tauraro ne ko? Maman Biyu ba ki yi ƙarya ba, ban faɗa mata ba tukuna. Wanda ya yi masa kiɗan albam ɗin kuma abokinsa ne tun sakandare, ban ga sunansa ko'ina a takardar ba, shi ma yaron bai lura ba sai da na nuna masa.

Mai_Kiɗa: Kun gani ko. To shi abokin an rubuta masa kaso a albam na farkon ko shi ma "Allah ya saka da alheri" aka ba shi?

Oga_Manaja: Furodusa in an biya shi kuɗin aikinsa ya gama, kaso kuma sai in an yi yarjejeniya tun farko.

Mai_Kiɗa: Tun farkon da yaro ba shi da ko kuɗin mota ni nake ba shi? Da wa zan yi yarjejeniyar?

Na_Gaba: har yanzu dai ba a turo waƙar ba