Kafin a yanka wa gona kuɗi a Tahoua

Mun zauna da manoma da dillalai kan kimanta fili mai itatuwa. Dattawa suka ce a fara da ruwa: hekta guda a fadamar Galmi, inda ake noman albasa, ta fi ta jigawa daraja sosai.

Sai a ƙirga itatuwa. Gawo ya fi jan magana, don yana kaɗe ganye da damina, gero ya yi kyau ƙarƙashinsa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Ni ma ina ganin wanda ya raina gawo ya cuci mai gona.

Takarda fa? A nemi shaidar hukumar kula da filaye ta COFO, wadda dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta tanada, a ji ta bakin magada, a duba ko burtali bai ratsa ba. Gandun dajin gwamnati kuwa ba na sayarwa ba ne.