Bazara ta kama: yaya kuke raya shukokin tsakar gida?

Uwargida daga Ɗorayi, Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya taɓa fitar da shukokinsa na tsakar gida daga bazara lafiya ya faɗa mana yadda ya yi. Ina da na'a-na'a, ɗoɗɗoya, ciyawar shayi da 'yan fulawoyi a robobi, na jera su a jikin katanga. Tun daga kaka har ƙarshen hunturu shar suke, amma Maris na shigowa sai ganye ya fara nannaɗewa, bakinsa ya ƙone, alhali safe da yamma ina ba su ruwa. Famfo ba ya zuwa unguwarmu, a hannun 'yan garuwa muke saye, ba zan iya juye musu jarka guda kullum ba. Don Allah abin da mutum ya gwada da hannunsa nake so.

Tsohon malamin gona, Zariya:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki ƙara ruwa, gobe da azahar ki je ki ɗora tafin hannunki a jikin robar nan. In ba ki iya barin hannun a kai ba, to kin gano ciwon. Yawancin shukar da ke mutuwa a gidajenmu cikin Afrilu, saiwarta ce ke dahuwa tun kafin ƙishi ya kashe ta. Baƙar roba ko baƙar leda tana zuƙar rana, simintin da ke ƙarƙashinta yana turo zafi, katangar da rana ke duka daga azahar zuwa la'asar ita ma tana amayo nata har bayan isha'i. Saiwar da ta ƙone kuwa ba ta iya shan ruwa, shi ya sa za ki ga ƙasa a jiƙe amma ganye a yamushe.

Abin da na yi a gidana: na kwashe su duka na mayar inda rana ke samunsu daga safiya zuwa hantsi kawai, inuwar ɗaki ta rufe su da rana tsaka. Na ɗora su a kan katako, ba a kan daɓen siminti ba, na kuma haɗe su wuri guda suna yi wa juna inuwa. Waɗanda ba su ɗaukuwa na naɗe jikin robar da buhun algarara. Sannan ki daina yayyafi. Ɗan ruwan da ake watsawa a sama ba ya wuce yatsa guda, saiwa sai ta taso sama nemansa, a nan rana ke samunta. Ki zuba a hankali bayan la'asar sakaliya har ki ga ya fara ɗiga ta ƙasan robar, washegari ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki ƙyale ta.

Mai lemun tsami, Sakkwato:

Malam ya faɗi gaskiya. Mu nan zafinmu ya fi na Kano, Afrilu ba abin mamaki ba ne a haura digiri 40 kwana da kwanaki. Zafin da anka yi ƙarshen azumin 2024 shi ya koya mini dabarar tulu, wadda na gani wurin wani dattijo mai lambu.

Tulun ƙasa za ki samu, irin na masu ginin tukwane, wanda ba a shafa mai komai ba, wanda in kin zuba ruwa za ki ga jikinshi yana zufa. Ki haƙa rami kusa da shukar, ki binne shi har wuya, bakin kawai ke waje. Ki cika shi da ruwa ki kife tsohon kwano ko ƙoƙo a kai, don sauro da datti. Ruwan ba zuba yake ba, tsattsafowa yake ta jikin tulun, ƙasa ta ja gwargwadon bushewarta. Sama za ki ga ƙasa fari fat, amma in kin tona da yatsa gefen tulun, sanyi ƙalau. Lokacin da na tone guda don in matsar da shi, na iske ƙananan saiwoyi farare sun lulluɓe jikinshi gaba ɗaya kamar saƙar gizo. Ɗoɗɗoyata da ciyawar shayi kewaye da tulu guda suke, lemun tsamin kuma na ba shi nashi. Sai dai wannan na shukar da ke cikin ƙasa ne ko babban mazubi irin rabin duro. Ƙaramar roba ba ta ɗaukar tulu.

Maman yara, Maraɗi:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ruwan shukokina ban taɓa saye daban ba. Wurin alwala na sa bahon roba, duk wanda ya yi alwala a gidan nan, mutum tara muke, a cikin bahon ruwan yake taruwa. Ruwan wanke shinkafa, na wanke gero, na ɗauraye ganye, duka bokiti guda nake tarawa. Wanda ba na yarda ya kusance su shi ne ruwan wanki mai omo da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. Maƙwabciyata da shi take ba zogalenta, ƙasar ta yi farin ɓawo a sama ta ƙanƙame, ruwa ma ya daina shiga.

Kuma Hajiya, ki rarrabe masu haƙuri da marasa haƙuri. Lalle da zogale ba su damu da bazara ba in sun kafu, zogale zai zubar da ganye ki ɗauka ya tafi, ruwan farko na sauka ya tofo. Ni a wannan lokaci ma nake sare mishi kai daidai ƙugu don ya yi rassa. Ruwan da kike da shi ki ba na'a-na'a da ɗoɗɗoya, su ne ragwaye.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:

Akwai abin da ake yawan faɗa da nake so in yi tambaya a kai, wato a rufe gindin shuka da busasshen ganye ko ƙaiƙayi don danshi ya daɗe. Na yi, danshin kuwa ya daɗe. Amma gara ta same ni. Na wayi gari na ga ta gina hanyarta ta ƙasa a jikin karan fulawata, da na murza sai ɓawon ya zube, ciki ya zama fanko. Bishiyoyin shinge biyu na rasa. Tun lokacin tsoron rufin nan nake. Baba malamin gona, me ka gani?

Tsohon malamin gona, Zariya:

'Yata, gara da busasshen abu ba sa rabuwa, musamman a bazara da take neman laima ido rufe. Amma ban daina rufi ba. Bambancin shi ne ba na bari ya taɓa karan shukar, ina barin fili kamar faɗin tafin hannu kewaye da gindi, in barbaɗa tokar murhu a wurin. Karan dawa da guntayen itace ba na sawa sam, su ta fi so. Ganyen darbejiya nake tsinkowa in shimfiɗa, ko buntun shinkafa sama-sama. Kuma duk bayan 'yan kwanaki ina ɗaga rufin in leƙa. Ba zan ce miki darbejiya na korar ta ɗari bisa ɗari ba, rage ta take yi. In gidanki akwai shuri a kusa, to ki bar ganye, ki jera tsakuwa ko fasassun tukwane a kan ƙasar, su ma suna tare rana.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:

Akwai shuri kuwa a bayan katangarmu, a filin da ba a gina ba. Tsakuwar zan gwada. Allah Ya ƙara girma.

Mai sayar da fulawa, Jos:

Bari in faɗi abin da zai rage mini ciniki amma gaskiya ne. Mutanen Kano da Katsina da Sakkwato suna zuwa nan su ga wardi ya yi fure manya-manya, su cika but ɗin mota. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu daban ce. Shukar da ta tashi a sanyin nan in an sauke ta Kano a Afrilu, da wuya ta kai wata. Wanda ya nace sai wardi, ya bari sai damina ta zauna, Yuli haka, ya dasa inda rana ba ta dukansa bayan azahar, kafin wata bazarar ya yi saiwa.

In kuwa fure kuke so a cikin zafin, akwai masu son zafin. Bogenbiliya, mai ƙaya ɗin nan da ke hawa katanga, in ana cika mata ruwa ganye take yi, in an ɗan ja mata rai sai ta ɓarke da fure. Kariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja, ruwa a jikinta take ajiyewa, yawan ban ruwa ne ma ke ruɓar da ita. Amma farin ruwan da ke fita in an karya ta guba ne, a nisanta ta da yara da awaki. Alobera ma ba ta son yawan ban ruwa, ƙasa mai yashi da ruwa kaɗan. Wani abu kuma, kada a sa taki yanzu, balle ɗanyen kashin kaji. A bar shi ya ruɓe sai damina.

Ɗalibi, Katsina:

Ni ƙadangaru ne suka dame ni. Da ciyawa ta ƙare a waje sai suka dawo kan tsiron na'a-na'ar Mama, duk sabon ganye su tsinke, kaji kuma su tone gindin saboda sanyin ƙasar. Tsohon gidan sauro na ɗaura a kan sanduna huɗu na rufe wurin, ya tare su, ya kuma rage kaifin rana. Na ajiye kasko da ruwa can nesa, ƙadangarun da tsuntsaye suka koma can. Masu tankin sama kuma su kula, ruwan da ke fitowa daga baƙin tanki da rana har ƙona hannu yake, ku tara a bokiti ya huce tukuna. In akwai wuta kuma kuna kunna na'urar sanyaya ɗaki, ruwan da ke ɗiga ta bayanta ba shi da gishiri, ku sa bokiti.

Uwargida daga Ɗorayi, Kano:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na taɓa robobin yau, wallahi ba sa taɓuwa. Mun kwashe su ni da yara zuwa bayan ɗakin girki, baho kuma ya zauna a wurin alwala. Saura tambaya ɗaya: na'a-na'ar ta riga ta bushe daga sama, karare kawai suka rage. In tuge in sake, ko da sauran rai?

Maman yara, Maraɗi:

Kada ki tuge, 'yar uwa. Ki tona gefe kaɗan ki duba jijiyoyin da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa. In farare ne kuma suna da tauri, tana da rai. Ki aske busassun kararen da almakashi, ki bar kamar yatsa biyu, ki jiƙa ƙasar sosai ki bar ta a inuwa. In sun yi baƙi sun yi laushi, to sai sabuwa. Ki zaɓi masu kauri cikin na'a-na'ar da kike sayowa ta shayi, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma kararen a kofin ruwa kina canja ruwan, da sun fitar da saiwa ki dasa da yamma. Ɗoɗɗoyar kuma da kin ga ta fara fitar da fure ki tsinke kan, in ba haka ba ganyen zai ƙanƙance ta tafi yin iri.